Ina Aka Kai Gindin Kiɗa?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu shirya bukukuwa da tarurruka a garin nan na Maiduguri, har ta kai wasu da ake yi wa kallon masana suna maimaita ta ba tare da sun auna ta ba. Maganar kuwa ita ce, wai me za a yi da makaɗa biyar ko shida, alhali yaro ɗaya da fiyano da lasifika biyu ya isa ya tayar da unguwa? Idan aka fara rage mutane bisa wannan lissafi, wanda akan fara sallama shi ne mai jitar bes, domin a ganinsu shi ne ba ya aikin komai: ba ya waƙa, ba ya rawa, yana can baya kusa da mai ganguna yana taɓa tsirkiya kamar mai gyangyaɗi. Mu kam ba mu yarda da wannan lissafi ba, kuma za mu faɗi dalilanmu, ko da za su sosa ran masu fiyano, da na manazarta, da na masu jitar bes ɗin su kansu.

Ga wanda bai san ta ba, jitar bes jita ce mai dogon wuya, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke fitar da amon da ya fi kowane zurfi a cikin kiɗa. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da ita kasuwa a 1951, domin ta maye gurbin ƙaton gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye. Tsirkiyarta mafi kauri kan yi rawa wajen sau 41 ne kacal a daƙiƙa guda, saboda haka ƙirji yakan riga kunne jin ta. Wannan zurfi shi ne darajarta, shi ne kuma matsalarta, domin idan ba a haɗa ta da amfilifaya ba kusan bebiya ce, kuma amo mai zurfi yana cin wuta, yana bukatar faffaɗar lasifika. 'Yar lasifikar da ke cikin wayar hannu ba ta iya fitar da shi ko kusa. Ke nan yaron da duk sauraronsa a waya yake yi bai san an cire wani abu daga kiɗa ba, tun da bai taɓa jin abin ba balle ya yi kewarsa.

Hujjar farko da akan kawo mana ita ce jitar bes baƙuwa ce, ba kayan kiɗanmu ba ce. To, sai mu tambaya: fiyanon fa, a Gwange aka ƙera shi ko a Hausari? Yawancin waɗanda ake kaɗawa a ƙasar nan na kamfanonin Japan ne. Amma mu bar wannan. Katakon jita da wayoyinta baƙi ne, gaskiya, sai dai aikin da take yi ba baƙo ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Shehun Borno ranar hawa ya san algaita tana shawagi ne a sama, ganga kura kuwa ita ke riƙe da ƙasa. Duk wanda ya saurari amadar marigayiya Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, ya ji yadda ƙwaryar da aka kifa a kan ruwa ke ba da wani amo mai nauyi da sauran ƙorai ke hawa kansa. Haka tambari yake a fadojin ƙasar Hausa. Manazarta waƙar baka suna kiran amshin da waƙa ke komawa gare shi gindin waƙa, baitocin kuma ɗiyanta. To, shi ma kiɗa yana da gindi, kuma kakanninmu ba su taɓa haɗa kiɗan taro ba tare da sun tanadi mai riƙe shi ba. A rukunin makaɗan zamani wannan aiki a hannun mai jitar bes yake.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, wato cewa fiyano ma yana da bes a cikinsa. Haka ne. Tun lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, musamman bayan fitowar Sangaya wajen 1999, situdiyoyi suka dogara da fiyanon Yamaha, wanda idan ka danna masa yatsun hagu zai kawo maka ganga da bes da sauran tarkace duk a haɗe. Ba mu raina abin da wannan ya haifar ba. Dubban matasa sun ci abinci da shi, kuma an yi waƙoƙi masu daɗi. Amma a lura da bambanci ɗaya. Bes ɗin fiyano zubi ne da wani injiniya ya ɗura a masana'anta, yana maimaita kansa daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, bai san wa ke waƙa ba, bai san me ake faɗa ba. Shi kuwa makaɗi yana da kunne. Idan marigayi Mamman Shata yana tsakiyar waƙa sai wani babban mutum ya shigo fage, nan take zai ƙaro ɗa a waƙar, masu kalangu su sassauta, su ba shi hanya, su jira shi, sa'an nan su tarye shi a inda ya sauka. Wannan ba-ni-in-ba-ka shi ne kiɗan fage. Na'ura ba ta jira kowa ba, mawaƙi ne zai bi ta da gudu, shi ya sa waƙoƙin yanzu da yawa suke kama da 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya, ɗinkin sallarsu ma iri ɗaya.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. Hausa harshe ne mai karin sauti, haka ma Kanuri. Abin da ya sa kalangu ke magana ke nan: makaɗi yana matsa tsirkiyoyinsa da hammata, amo ya hau ko ya sauka daidai da karin kalma. Mai jitar bes yana iya yin kusan haka, ya ja yatsa a kan tsirkiya ya sulalo daga sama zuwa ƙasa, ko ya tanƙwara ta, ya bi hawa da saukar muryar mawaƙi. Ga kayan kiɗa da ya dace da harshenmu an jingine shi a bango, an rungumi wanda ke sare amo gunduwa-gunduwa kamar mahauci.

Kada a ce mana ba a taɓa yi ba. Marigayi Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya yi shekaru a Kaduna yana rera waƙoƙin Hausa da cikakken rukunin makaɗa, da jita da bes da ƙahonni. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun fi mu riƙon abin. Gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 ta ba rukunonin makaɗan zamani fagen gwada ƙwanji, aka kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai a 1989. Daga wannan yanayi ne Sa'adu Bori na Maraɗi ya fito, ya ɗora waƙoƙin Hausa a kan jita da bes, har faifan da suka yi da Musa Fusi ya fita a Turai a 1994. Ga kuma maƙwabtanmu na Kamaru, waɗanda iyakarsu ba ta da nisa da inda muke zaune, duniya ta san su da gwanayen jitar bes irin su Richard Bona da Etienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco. Wace irin ƙasa ce tasu da take tsirar da waɗannan, tamu ba ta yi? Ba ƙasa ba ce, ɗaukar abu da muhimmanci ne.

Sai dai adalci ya wajabta mu faɗi halin da makaɗin Maiduguri yake ciki, domin wanda ke inuwa bai san zafin rana ba. Kiɗan fage ɗan dare ne, garin nan kuwa tun daga rikicin Yuli 2009 ya shafe shekaru yana kwana da wuri saboda dokar hana fita. A 2011 aka hana hawan babur. A Janairun 2021 aka rusa turakun wutar da ke kan hanyar Damaturu, gari ya yi kusan shekara guda cikin duhu, sai a Maris na 2023 aka buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas. A Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monde, a Satumbar 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni. Wa zai yi zancen tsirkiya a irin wannan hali? Ga shi kayan ba a nan ake yin su ba. Yawanci daga kasuwar Alaba ta Legas ake ɗauko su, tafiyar fiye da kilomita 1,500, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 duk abin da ke tsallako teku ya yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa za ka ga makaɗi ya cire tsofaffin tsirkiyoyi ya tafasa su a tukunya don dauɗa ta fita, amonsu ya ɗan farfaɗo. Hunturu yana busar da katako ya karkatar da wuyan jita, ƙura tana shiga maɓallan amfilifaya su riƙa ƙoƙo, zafin Afrilu ya haura digiri 40, wutar janareto kuma ta hau ta sauka har ta ƙona na'urar da aka yi shekara ana tara kuɗinta. Wanda ya jure duk wannan bai cancanci a kira shi mai gyangyaɗi ba.

Amma su ma suna da nasu laifin, kuma ba za mu rufe musu ba. A saurari hirarsu idan sun haɗu. Duk zancen sunayen kamfanoni ne: wane ya sayi Ibanez, wane yana mafarkin Fender, ai Hartke ta fi Peavey, ai mai tsirkiya huɗu ta tsufa, sai mai biyar ko shida. Wani zai zuba duk abin da ya mallaka a kan jitar da aka manna wa babban suna, alhali jabu ce, sa'an nan ya jona ta a 'yar amfilifayar da ba ta iya cika ɗakin kwana, babu ko na'urar daidaita wuta. Ashe an sayi doki an mance da linzami! Jita mai sauƙin kuɗi, matuƙar wuyanta a miƙe yake kuma tsirkiyoyinta ba su yi nesa da katako ba, idan ta sami amfilifaya mai ƙarfi da lasifika mai faɗin inci 15, za ta yi aikin da tsadadda ba za ta yi ba a kan ƙaramar na'ura. James Jamerson, wanda ya riƙe gindin kiɗan kamfanin Motown na Amurka a shekarun 1960, tsirkiya huɗu gare shi, da wuya ya sauya su, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa. Har yau ana nazarin hannunsa.

Babban laifin ma ba na saye ba ne, na kunne ne. Makaɗanmu sun haddace zubin makosa na Kamaru, da na Kwango, da na cocin baƙaƙen Amurka, suna kwaikwayonsu tiryan-tiryan daga waya. Nawa ne daga cikinsu suka taɓa zama gaban mai ganga kura, ko mai kalangu, ko mai gurmi, suka ce, "Baba, maimaita mini wannan in ɗauka"? Mutanen Kamaru da muke yabo ba kwaikwayo ne ya ɗaga su ba. Kiɗan garuruwansu suka ɗora a kan tsirkiya, duniya ta ji abin da ba ta saba ji ba. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya zagaya ƙasashe. Muddin mai jitar bes na Maiduguri bai da abin da zai kaɗa sai abin da fiyano ma ya iya, to shi da kansa ya sa hannu a takardar sallamarsa.

Al'umma ma tana da kaso. Bahaushe yana son kiɗa, amma ba ya son ɗansa ya zama makaɗi, domin a idonsa makaɗi maroƙi ne. Saboda haka koyon jita ya koma coci-coci da barikin soja da na 'yan sanda, can ne ake da kayan, can ne ake da masu koyarwa. Hukuncin kiɗa a addini fagen malamai ne, ba namu ba. Abin da muke magana a kai shi ne mutumin da zai ƙi gayyatar makaɗa don kunya, sa'an nan ya ɗauko dije ya hana unguwa barci har asuba. Ga kuma mawaƙan da ake biya maƙudan kuɗi su hau dandamali, a saka musu waƙarsu daga na'ura, su riƙe makirufo suna motsa baki. Wannan ba wasa ba ne, ha'inci ne, kuma masu tafa musu suna taya ɓera ɓari.

Sai manazarta. A sassan Hausa na jami'o'in ƙasar nan an rubuta kundaye masu ɗimbin yawa a kan Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa, an feɗe jigo da salo da zubi da tsari, amma akasari a kan takarda kawai. Akan kwashe kalmomi a bar kiɗan, sai a ambaci sunan kalangu ko kotso a babi na biyu a wuce. Ɗalibi zai kammala digiri yana iya kawo maka adon harshe goma a waƙa ɗaya, amma ka ce ya tafa maka zubin kiɗanta da hannu, sai ya sunkuyar da kai. Littafin da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa ya haura shekara hamsin, ɗalibai nawa ne aka tura su buɗe shi? A wannan jami'a tamu, tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara wani shiri na naɗar kaɗe-kaɗen Borno da haɗin gwiwar masana daga Jamus, aka tara amon ganguna da algaitu na garuruwan da wasunsu yau an tarwatsa su. Ga ma'adini a gida. Muna kira da a buɗe shi ga matasan da ke riƙe da jita, a haɗa su da ɗaliban adabi, ɗaya ya rubuta kalmomi, ɗaya ya ɗauki gindin kiɗan ya mayar da shi kan tsirkiya.

Ga ƙungiyar ɗaliban Hausa kuma muna da magana ta kai tsaye. Duk shekara ana bikin Makon Hausa, a kashe kuɗi a kan rumfuna da kujeru da lemo da kalandar da ba mai ratayawa, a ƙarshe a kira yaro da fiyano. A bana a ware dare ɗaya, a hana saka kowace waƙa daga na'ura. A gayyato masu ganga kura da mai algaita, a gayyato mai kalangu, a nemo mai jitar bes ko daga coci ne ko daga bariki, a ba su kwana uku su yi atisaye tare. A yi hayar amfilifaya ta kirki da janareto mai lafiya, a kuma biya kowane makaɗi haƙƙinsa a hannu kafin ya hau dandamali, ba bayan an watse a ce masa ya dawo ranar Litinin ba.