Gulbin Maraɗi: a faɗa mana ranar da za a saki ruwa

Tsofaffin Maraɗi suna ba da labarin ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari a cikin kwari har aka tayar da mutane zuwa tudu. Jikokinsu kuwa, a Jiratawa da Tibiri da Gidan Rumji, ƙara wa rijiya zurfi suke yi. Tsakanin waɗannan labarai biyu akwai fari, akwai yashi da ya cike hanyar ruwa, akwai injinan ban ruwa da suka yawaita. Akwai kuma madatsar Jibiya.

An kammala wannan baraji a 1989 bisa kogin Gada, cikin jihar Katsina, kuma yana iya riƙe mita kubik miliyan 142. Kogin Gada shi ne ke zama Gulbin Maraɗi da zarar ya ƙetare iyaka ta wajen Nyelwa. Ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya wuce Maraɗi, sannan ya koma Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. Watanni kaɗan yake gudu a shekara. Amfaninsa ga talaka yana cikin cikar da yake yi ya malale fadama, ya bar laka mai taki, ya tsuma cikin ƙasa ya cika rijiyoyin da za a yi noman rani da su. Baraji kuwa aikinsa ke nan ya tare wannan cika. Ba sai an je lakkol ba kafin a gane abin da zai biyo baya ga mai garkar tumatir ko zogale.

Ba mu ce mutanen Jibiya su rasa ruwan sha da na noma ba. Ƴan uwanmu ne na jini, kuma sarautar Maraɗi kanta daga Katsina ta taso. Tambayarmu ga magabatan ƙasashen biyu ita ce: ina yarjejeniyar Maiduguri ta kwana?

Ranar 18 ga watan Yuli 1990 Nijar da Nijeriya suka sa hannu a kan raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci. Takardar ta ambaci kwaruruka huɗu: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙarshen Komadugu Yobe. Ta wajabta musayar bayanai da yin shawara kafin wani ya taɓa ruwa, ta ɗora aikin a wuyan hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa tun 1971, mazauninta kuma Yamai. Magana ce mai kyau. Amma a tambayi manomin Jiratawa ranar da za a buɗe ƙofar Jibiya bana, a ga ko zai iya amsawa.

A ganinmu nan ne gizo ke saƙa. Shekara da shekaru ana gardamar kason kowa, alhali abin da manomi ya fi buƙata shi ne lokaci. Ruwan da aka saki a watan Agusta, fadama na jiƙe, ƙari ne kan wanda ya riga ya ƙoshi. Wanda aka saki kaɗan-kaɗan bayan ɗaukewar damina, shi ke raya rijiya. Wanda aka kwararo ba sanarwa, don baraji ya cika ana tsoron ya fashe, yana iya kwashe shukar wanda ya ci bashin iri da taki, ko ya rutsa da makiyayi da garkensa a tsakiyar rairayi. Ruwa ɗaya ne, ranar sakinsa ce ke mai da shi arziki ko asara.

Sai dai mu ma mu dubi namu hannu. A kan Magiya mu ne a sama. Barajin Mozage da na Zongo suna shayar da filin noman rani na Ƙonni, mai fiye da hekta 2000, ruwan da ya rage ne ke gangarawa tafkin Kalmalo a ƙasar Illela, kuma mutanen can sun daɗe suna kukan ƙafewarsa. Wanda ke son a sanar da shi daga Jibiya, sai ya fara sanar da Illela daga Ƙonni. Hakan ne zai ba wakilanmu bakin magana a teburin shawara.

Za a ce lokacin bai dace ba: an rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023 har aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, Nijar kuma ta fita daga CEDEAO. To, yarjejeniyar Maiduguri ba ta CEDEAO ba ce, tsakanin ƙasashe biyu aka ƙulla ta, gulbi kuma bai taɓa tsayawa a shingen duwan ba.

Abin da muke nema bai kai kuɗin taro guda na manya ba. Kowace shekara, a ƙarshen damina, masu kula da Jibiya da ma'aikatan ruwa na jihar Maraɗi su zauna tare da wakilan manoma da makiyaya na ɓangarorin biyu, su tsai da ranakun sakin ruwa da yawansa. A karanta su da Hausa a gidajen radiyon Maraɗi da na Katsina. In za a yi sakin gaggawa, a buga waya ga hukumomin Madarunfa kafin a buɗe ƙofa. Ma'aunin da ke Nyelwa kuma a riƙa bayyana abin da ya nuna kowane mako, domin kowa ya ga ko an cika alkawari.