Kun tambaye mu mun amsa, to ina sakamakon? Zare daga Yakasai

1/ Bara waccan da hantsi wasu 'yan mata biyu masu farar riga suka yi sallama a gidanmu a Yakasai. Ɗaliban lafiya ne, suna bincike kan hawan jini. Hajiyarmu ta shimfiɗa musu tabarma, ta sa aka kawo ruwa, ta zauna ta amsa tambaya ta fi arba'in. Har nawa ake kashewa a cefane da yawan gishirin da take zubawa a miya sai da suka tambaya.

2/ Suka ɗaura mata abin awon jini, suka kalli juna, suka rubuta. Ɗaya ta ce, "Mama, jininki ya ɗan hau, ki daure ki je asibiti." Hajiya ta ce, "To 'yan nan, in kun gama za ku dawo ku faɗa mana abin da kuka gano a unguwar?" Suka ce in sha Allahu. Yau shekara biyu ke nan.

3/ Ba zan kama sunan makarantarsu ba, kuma wallahi ba laifin yaran nake gani ba. An ce su kawo kundi a ba su maki, sun kawo. Ba wanda ya ce musu komawa unguwa yana cikin aikin. Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri, amma abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya 🧵

4/ Duk wanda ya taɓa shiga sashen kundaye na laburaren jami'a ya san abin da zan faɗa. Kanta bayan kanta, baƙin bango da rubutu mai ruwan zinare. Ka ja ɗaya, kan shayar da nono zalla ne. Ka ja wani, kan awon ciki. Wani riga-kafi, wani shaye-shaye, wani ruwan rijiya. Kuma sunayen unguwanninmu ne a bangon, ba na Landan ba.

5/ Ka buɗe babi na biyar, wurin shawarwari. Kusan kullum akwai layin da ke cewa ya kamata a wayar da kan jama'a. Da Turanci aka rubuta shi, aka ɗinke, aka ɗora a kantar da sai mai katin ɗalibi ke isa gare ta. Jama'ar da za a wayar wa kan suna can lungu ba su san an yi ba. In ba abin haushi ba ne da na ce abin dariya ne.

6/ Ra'ayina a taƙaice: ilimin da aka ɗebo daga bakin matan Yakasai bashi ne. Wanda ya fi dacewa ya biya shi kuwa laburare ne, don a hannunsa kayan suke kwana. Ɗalibi yana gamawa ya tafi bautar ƙasa, malami ya karɓi sababbin ɗalibai. Laburare ne kaɗai ba ya zuwa ko'ina.

7/ Kada wani ya ce son raina na faɗa. Akwai ƙa'idojin binciken lafiya da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a birnin Helsinki a 1964, ana ta sabunta su har yau. A ciki an ce wanda aka yi bincike da shi a ba shi damar sanin abin da binciken ya haifar. Ke nan Hajiya da ba ta taɓa jin sunan Helsinki ba, haƙƙinta ta tambaya.

8/ Me ya sa abin ya fi zafi a Kano? Saboda mun san abin da rashin bayani ke jawowa, a jikinmu muka gani.

9/ A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

10/ Da yawanmu ba a haife mu ba a lokacin. Amma ka tambayi kowace tsohuwa a cikin birni, ko ba ta riƙe sunan maganin ba ta riƙe labarin: an zo da farar riga, an yi wa yara abu, ba a faɗa mana ba.

11/ Shekara bakwai bayan nan, a 2003, aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano saboda zargin an sa masa abin hana haihuwa. Sai a watan Yulin 2004 aka ci gaba, bayan an kawo maganin daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe kusan ashirin. Sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Yaran da ƙafarsu ta shanye a wancan tsakanin sa'anninmu ne, wasu muna gaisawa da su kullum.

12/ Sannan ga mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 Kano ce ta fi kowace jiha a Najeriya yawan waɗanda suka kamu, kuma akasarinsu yara ne da ba su samu cikakken riga-kafi ba. Cutar da allurarta kyauta ce fa, ana yi wa jariri a sati 6, da sati 10, da sati 14.

13/ A nan ne ake saurin cewa jahilci ne. Ni ban yarda da wannan kalmar haka kawai ba. Mutumin da ake zuwa gidansa a tambaye shi, a auna shi, a rubuta, a tafi, ba a taɓa dawowa an ce ga abin da muka gani ba, ranar da ka zo masa da allura me zai sa ya miƙa hannun ɗansa? Ai yarda ba a rana ɗaya ake gina ta ba. Mai tura saƙon murya a WhatsApp kuwa kullum yana nan, da Hausa yake magana, kuma ba ya neman katin shiga.

14/ Ku lura da wannan. Abokin takarar likita a unguwa ba wani likitan ba ne. Mai maganin gargajiya ne da lasifika a bayan mota, da mai kyamis da ke haɗa maka ƙwaya biyar a leda, da baiwar Allah a TikTok mai cewa tafarnuwa da lemon tsami sun isa su kori hawan jini har abada. Dukkansu sun fi jami'a iya isar da saƙo. Gaskiya ce mai ɗaci amma haka take.

15/ Ɗauki hawan jinin ma. Abubuwa uku ne da kowane ɗalibin lafiya ya sani: yawanci ba ya nuna alama, sai an auna. Ba a daina shan magani don ciwon kai ya tafi. Dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne, ba wanda ake barbaɗawa kaɗai ba. Hajiya ta yi wata uku tana shan magani, ta ji sauƙi, ta ajiye. Ba taurin kai ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata na biyun.

16/ Allah ya taimake mu ƙanwarta ta kai ta awo aka gano jinin ya koma sama, aka mayar da ita kan magani. Gidaje nawa ne ba a gano ba sai da mutum ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi?

17/ Abin da ke ƙara ba ni mamaki, nisan ba na hanya ba ne. Daga Yakasai zuwa Asibitin Murtala da ƙafa ake zuwa. Jami'ar Bayero kanta a cikin birni aka haife ta: a 1960 ta fara a harabar Makarantar Nazarin Larabci, SAS, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. 'Yar cikin ganuwa ce ta yi ƙaura zuwa titin Gwarzo.

18/ Kuma duk kayan haɗin suna gida ɗaya. BUK na da sashen koyar da aikin laburare. Tana da sashen lafiyar al'umma tare da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Tana da gidan rediyonta. Masu ilimin, masu ajiyar, masu fassarar, masu lasifikar, duk albashinsu daga wuri ɗaya yake fitowa. Saura a haɗa su a tebur ɗaya. Sauran jami'o'i da makarantun jinya na jihar ma zancen ya shafe su.

19/ Abin da nake roƙo ba gini ba ne, ba kwangila ba ce. Shafi ɗaya ne. Duk ɗalibin da ya yi binciken lafiya a wata unguwa, kafin laburare ya karɓi kundinsa ya sa masa hannu a takardar sallama, ya kawo shafi ɗaya da Hausa: me muka tambaya, me muka gano, me ya kamata mai gida da uwar gida su yi. Malaminsa ya duba ya sa hannu.

20/ Ai dama ba a ba ka shaidar kammalawa sai laburare ya tabbatar ba ka riƙe masa littafi ba. To ya tabbatar ba ka riƙe wa unguwa amsarta ba.

21/ Shafin nan a kai kwafi asibitin sha-ka-tafi na mazaɓar, a kai wa mai unguwa, a ba kwamitin lafiya na mazaɓa. Ranar awo ko ranar riga-kafi mata suna zaune a benci awa biyu suna jiran layi, ma'aikaciya ta karanta musu. Ɗalibin ya naɗi murya ta minti biyu a tura zaurukan unguwa. Ga dattawan da boko bai kama su ba, a yi musu da ajami, har yanzu akwai masu karanta shi a zaurukan birni fiye da yadda muke zato.

22/ Na san me za a ce, don abokina da ke aiki a wani laburare ya riga ya faɗa mini: "Kai malam, wani kundin fa kwafe ne, wani fom ɗin ma a ɗakin kwana aka cike shi. So kake mu raba wa mutane shirme?"

23/ Maganarsa gaskiya ce, kuma ni a wurina hujja ce ta goyon bayana. Ɗalibin da ya san zai tsaya a gaban matan Yakasai ya ce "kun ce mana kaza", zai ji tsoron ƙirƙirar amsa. Wata Inna za ta ɗaga hannu ta ce, "Yaro, yaushe ka zo gidana?" Wannan tantancewar ta fi ta kowace manhajar kama satar rubutu.

24/ Ban ce kowane kundi a fitar ba. Malamai su tace, wanda bai kai ba ya zauna a kanta. Ban kuma ce ma'aikacin laburare ya koma rubuta magani ba, aikin likita na likita ne. Sunan mutum ko lambar gida ko wani abu da zai tona asirin mara lafiya, wannan ko kusa. Ba a tallar unguwa da cuta, a ce lungu kaza ne matattarar kaza.

25/ Za a ce ba kuɗi. E, laburarenmu na fama, wani lokacin wutar da za a kunna kwamfuta ma aiki ce. Amma kuɗin buga shafi ɗaya kwafi ashirin bai kai na ɗinke kundi ɗaya da baƙin bango ba, kuma ɗalibi kan ɗinka uku ko huɗu. A rage ɗaya mana.

26/ Mu ma 'yan unguwa da laifinmu. Nawa ne a cikinmu muka yi digiri a fannin lafiya, muna kwana a Yakasai, amma ko a majalisar dare ba mu taɓa faɗa wa abokanmu abin da muka rubuta ba? Muna iya yin awa uku kan Barca da Madrid. Ni ma ina ciki, ban cire kaina ba.

27/ Gwaji ɗaya: cikin masu karanta wannan, wa ya san haɗin ruwan gishiri da sukari in gudawa ta kama yaro da tsakar dare, kyamis a rufe? Lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, gari na wayewa a kai shi asibiti, in kuma ya galabaita ba a jiran safiya. Layi biyu ke nan, kuma yana cikin littattafai ɗaruruwa da ke kan kanta.

28/ Don haka ga abin da zan yi da kaina. In ka taɓa yin kundin digiri ko na difloma kan lafiya a Yakasai ko maƙwabtanta, Zango, Shahuci, Kankarofi, ka ajiye mini saƙo a ƙasa. Zan taya ka mayar da babi na biyar shafi ɗaya da Hausa, mu nemi wani ma'aikacin lafiya ya duba, mu je mu gaida mai unguwa mu nemi izini.

29/ 'Yan matan nan biyu kuma, in Allah ya sa zaren ya iso gare ku: ba faɗa za a yi muku ba. Gidan nan ne mai koren ƙyaure da kuka sha ruwa. Jiya ma da na ce mata zan yi wannan rubutun, Hajiya ta ce in tambaye ku ko ita kaɗai ce jininta ya hau a layin, ko har da maƙwabta.