Gasar ƙauyukanmu ta fi buƙatar magatakarda a kan sabon kofi

Tun da ƙura ta ɗan lafa a gabashin Jazira a farkon 2025, abin da yaranmu suka fara komawa gare shi, tun ba a gama gyaran azuzuwa ba, shi ne dafuri. An share filaye, an kafa sanduna, samarin da suka yi gudun hijira suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, kuma maganar gasar azumi ta sake tashi a ƙauyukanmu na kewayen Rufa'a. Ina murna da wannan. Amma ina so in faɗa wa masu shirya gasa abin da ba su son ji: yawancin gasanninmu ba rashin kuɗi ne ke kashe su ba. Gardama ce kan wa zai buga da wa, yaushe, kuma nawa aka tashi.

Abin mamakin shi ne, ɗalibin da ke ajina zai iya lissafa maka matsayin Hilal da Marikh a kakar 2024/25, lokacin da yaƙi ya sa suka tafi buga gasar ƙasar Muritaniya, maki da maki, daga wayarsa. Ka tambaye shi wa ke kan gaba a gasar da ake bugawa bayan gidansu, sai ya ce "an ce 'yan gabas ne." An ce! Wannan "an ce" ɗin ita ce cutarmu.

Shawarata ba mai tsada ba ce. Kowace gasa ta naɗa magatakarda guda, wanda ba ya buga wa kowa kuma ba ya horar da kowa, a ba shi littafi babba da waya. A buɗe zaure guda na WhatsApp wanda shi da shugaban kwamiti kaɗai ke iya rubutu a ciki, ko shafi guda na Facebook. Abin da ya fito can shi ne magana. Abin da wani ya ji a kasuwa ko a wajen mai shayi, hira ce.

Jadawali ya kamata ya fita gaba ɗayansa kafin a taɓa ƙwallo, kuma a nan ne nake ganin kwamitoci na faɗa wa ramin da lissafin firamare zai fitar da su. In ƙungiya takwas za su haɗu kowa da kowa sau ɗaya, wasa 28 ke nan. A watan azumi, in ana buga wasa ɗaya a rana, kwana 28 sun tafi, da ƙyar a samu wurin wasan ƙarshe, balle ranakun hutu, ga goman ƙarshe da mutane ba su da lokacin fili. In ƙungiyoyin goma ne, wasa 45, wannan ko a mafarki. Amma a raba takwas ɗin rukuni biyu, huɗu huɗu: wasa 12, a ƙara biyu na kusa da ƙarshe da ɗaya na ƙarshe, 15 cif, an gama da sauran kwanaki a hannu don ranar da aka yi rasuwa ko alƙalin wasa bai iso ba. Kwamitin da bai yi wannan lissafi a takarda ba shi ne za ka ga ranar 25 ga wata yana cewa wata ƙungiya ta buga wasa biyu a jere, sai a ce an yi son kai, alhali tun farko ne aka ɗebo da zafi.

Mai tsara jadawali kuma ya dubi shekarar manomi da ta ɗalibi. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, baƙar lakar nan tamu ba ta barin ko keken jaki ya fita daga wani ƙauye zuwa wani. Lokacin girbin dawa rabin 'yan wasa suna gona. Ni kuwa a matsayina na malami ba zan yafe wa wanda ya sa wasan kusa da ƙarshe a makon jarrabawa ba.

Sai dokar raba gardama in maki ya zo ɗaya, wadda a kanta ne aka fi ɓatawa. Tun ran gini ran zane. Shin yawan ƙwallon da aka ci ban da wanda aka sha za a duba, ko sakamakon wasan da suka yi tsakaninsu? Duka biyun ana aiki da su a duniya, babu wanda yake haram. Laifin shi ne a zaɓa bayan an ga wa zai amfana. Ku tuna gasar Afirka ta 2012. Sudan da Angola kowa ya gama rukuni da maki huɗu, wasansu kuma an tashi biyu da biyu. Mu mun ci huɗu an ci mu huɗu, su sun ci huɗu an ci su biyar. Da ƙwallo ɗaya tal muka wuce zagaye na gaba, kuma Angola ba ta ce uffan ba, domin dokar tana rubuce tun kafin su hau jirgi. A rubuta tamu haka, da abin da za a yi wa ƙungiyar da ba ta zo fili ba, da wasa nawa mai jan kati zai zauna, a kafe ta a saman zauren.

Akwai kuma darasin 1982, lokacin da Jamus ta Yamma da Ostiriya suka buga wasan ƙarshe na rukuni bayan Aljeriya ta gama nata, sun san ci ɗaya da nema zai fitar da su duka biyu, kuma haka suka tashi. Tun daga gasar duniya ta 1986 ake buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci guda. Mu ma muna da filaye a ƙauyuka biyu. A busa usur a lokaci ɗaya, a huta da zargin haɗa baki.

Sakamako fa? Da an tashi, alƙalin wasa ya rubuta shi a littafi a bakin fili, kyaftin biyu su sa hannu, magatakarda ya ɗauki hoton shafin ya tura. Mai ƙorafi yana da kwana ɗaya, a rubuce. Teburin maki ya fita a daren. Na ga gasar da ta watse a wani ƙauye da ba zan kira sunansa ba saboda ƙungiya ɗaya ta rantse uku da ɗaya aka tashi, ɗayar ta ce uku da biyu ne, an yi kwana huɗu kowa na kawo shaidunsa, alƙalin kuma ya koma garinsu. Ina ba da shawara teburin ya kasance da Larabci, tunda da shi yaranmu suka yi karatu kuma maƙwabtanmu da muke gasar tare za su karanta, sannan a bi shi da saƙon murya da Hausa saboda iyayenmu.

Wani zai ce, malam, duk wannan saboda ƙwallon yara? To, ba mu manta 2022 ba a jihar Nil Azraƙ, a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, inda rikicin ƙasa da sarauta ya ci ɗaruruwan rayuka, kuma wayoyi suka taimaka wajen rura shi. Mu Hausawa tsiraru ne a nan. Gardamar maki tsakanin ƙauyenmu da na maƙwabta ba ta daɗewa tana gardamar maki. Kafin isha'i wani ya tura saƙon da ya mayar da ita ta ƙabila. Shafin littafi mai sa hannu biyu yana kashe maganar tun tana ƙarama.

Sai dai akwai abin da nake roƙon kada a sa a intanet ko kusa. Kwamiti na da hakkin tantance 'yan wasa, don hana ɗauko 'yan haya daga Hasahisa ko Wad Madani ranar wasan ƙarshe, da hana gandan-gandan samari shiga gasar yara. Amma takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa a duba su da ido a mayar wa mai su. Kada a ɗauki hotonsu a tura zaure. Jerin sunayen samari ashirin, da fuskokinsu, da sunan ƙauyensu, yana yawo daga waya zuwa waya, ba abin wasa ba ne a ƙasar da aka yi ta zargin mutane da goyon bayan wannan ɓangare ko wancan, kuma duk mun ji abin da ya sami mazauna kanabi a Janairun 2025. Jerin ya zauna a littafi. A zaure, sunan ƙungiya da sakamako sun isa, mai cin ƙwallo kuma a kira shi da laƙabinsa na fili.

Littafin nan da nake ta nanatawa, shi ne asali, waya kwafi ce. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, nan Jazira muka daɗe sai mai Starlink ake nema ana biya da awa. Gasar da ta ajiye tarihinta a waya ɗaya za ta rasa shi ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka ƙwace ta. Don haka duk Juma'a a kwafe teburin da hannu a babbar takarda, a liƙa a bakin fili da ƙofar makaranta.

Kuɗin data da cajin wayar magatakarda a cire su daga kuɗin rajistar ƙungiyoyi tun ranar farko, a rubuta nawa ne, a sanar. Kada a bari wani mai hali ya ɗauki nauyin, domin ranar da ƙungiyar ɗansa ta hau saman tebur, ko da gumin goshinta ta hau, babu wanda zai yarda. In kwamiti ya rasa wanda zai riƙe littafin, ya leƙa makarantar firamare mafi kusa. A cikinmu akwai masu cika rajistar yara sittin kowace safiya, teburin ƙungiya takwas ba zai gagare su ba.