In Yaro Ya Bar Kulob, Wa Za A Tuhuma?

Kowace shekara, da zarar an rufe kakar wasan ƙwallon ƙafa, akwai wata muhawara da kan tashi a teburan masu shayi da rumfunan kallon ƙwallo, tun daga Zungeru da Minna da Kano, har zuwa unguwannin da 'yan Arewa ke zaune a Kudu, irin su Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo ta Badun, da Sabo ta Shagamu. Abin da kan tayar da ita kuwa bai wuce a ji cewa wani yaro da ya fara haskawa a kulob ɗin gida ya tattara nasa-ya-nasa ya koma wani kulob, ko ma ya ƙetare teku. Nan da nan sai rai ya ɓaci, murya ta ɗaga, wani lokaci har aminai su kwana biyu ba su gaisa ba.

In aka kasa kunne sosai, za a ga magoya baya sun rabu kashi uku. Kashi na farko su ne masu cewa butulci ne, wai yaron da aka yi wa tafi tun ba a san sunansa ba, aka sha rana aka sha ruwan sama dominsa, bai kamata ya juya wa jama'a baya ran da ya fara amfani ba. Kashi na biyu su ne masu cewa a bar shi ya tafi, Allah ya ba da sa'a, ai ba wanda zai ga samu ya zauna a rashi. Kashi na uku kuwa 'yan ƙalilan ne, ba a kuma cika jin muryarsu ba saboda hayaniyar sauran. Su tambaya suke yi: nawa aka biya, wa ya karɓa, me kuma aka yi da kuɗin? Waɗannan na ƙarshe su ne suka kama bakin zaren, kuma su ya kamata jama'a su bi.

Ba a rasa misalin da za a auna wannan magana da shi ba, domin labarin Ahmed Musa da kulob ɗin Kano Pillars sananne ne ga babba da yaro. An haife shi a Jos ran 14 ga watan Oktoba na 1992. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010, tun bai cika shekara 18 ba, ya ci wa Pillars ƙwallaye 18 a gasar ƙasa, ya shafe tarihin ƙwallaye 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990, Pillars kuwa ta ƙare a matsayi na biyu. Kafin masu zuwa filin wasa na Sani Abacha su gama more shi, sai ga kulob ɗin VVV Venlo na ƙasar Holan ya ɗauke shi. Sai da ma aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010 kafin cinikin ya tabbata, saboda dokar hukumar FIFA ta hana a kai yaron da bai kai wannan shekaru ba wata ƙasa domin wasa, in ba bisa wasu 'yan sharuɗɗa ba.

To, sai a duba abin da ya biyo baya, domin a nan ne hujjar masu cewa butulci take fara rauni. Da fari dai, Pillars ba ta mutu ba. Bayan tafiyar yaron ne ma ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, watau a 2012 da 2013 da 2014, da taimakon waɗanda suka zauna, irin su Rabi'u Ali da ake yi wa laƙabi da Pele. Ran da kuwa kulob ɗin ya faɗa rukuni na biyu a 2022, shekara goma sha biyu ke nan da waccan tafiya, ba mai hankalin da zai ɗora laifin a kanta. Kulob mai tushe yakan yi rashin gwani ya sake rainon wani, kamar yadda kuka kan zubar da ganye ta sake tohowa.

Na biyu, akwai wata gaskiya da yawancin masu tafi ba su kula da ita ba. Yaron da Kanawa ke kira namu, a takarda ɗan aro ne. Makarantar koyon ƙwallo ta GBS da ke Jos ce ta rene shi, ta fara ba da aronsa ga kulob ɗin JUTH na can Jos, kana ta ba Pillars. Da ana tuhumar yaro da butulci don ya bar inda ya fara, ai da mutanen Jos ne za su fara kai ƙarar Kanawa. Ashe ke nan kulob ɗin da ke kukan an ɗauke masa yaro, shi ma daga hannun wani ya karɓo shi.

Na uku, tafiyar ta haifi abin da zama ba zai haifa ba. Daga Holan ya wuce CSKA ta birnin Mosko a farkon 2012, ya ɗauki kofin ƙasar Rasha sau uku. Yana cikin 'yan wasan Nijeriya da suka ciwo Kofin Afirka a 2013. Ya ci Ajantina ƙwallaye biyu a Gasar Kofin Duniya ta 2014, ya kuma ci ƙasar Aislan biyu a ta 2018. Waɗanda suka yi tsalle a rumfunan kallo na Agege da Sabo a waɗannan ranaku, da yawansu magoya bayan Pillars ne. Bayan haka ya gina cibiyar wasanni a Kano a 2017, ya dawo ya sa rigar Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya sake dawowa a 2024, har a 2025 aka naɗa shi babban manajan kulob ɗin. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana, amma wannan karin magana ba ta hau kan wanda ya tafi neman halali ya kuma tuna da hanyar dawowa ba.

Duk wanda zai kasa fahimtar wannan, bai kamata ɗan Arewa mazaunin Kudu ya kasa ba. Mai sayar da goro a Shagamu, da mahaucin da ke Agege, da mai canjin kuɗi, da mai gadi, da direban babbar mota, kowannensu ya baro uwa da uba da gonar gado, ya hau jirgin ƙasa ko mota ya yi kudu domin rufin asiri. Ba wanda ya kira shi maci amana, sai ma addu'a da ake bin sa da ita, ana jiran aikensa lokacin azumi da salla. Yaya wanda ya yi wannan tafiya zai zauna a Ikko yana zagin yaro ɗan shekara 18 don ya yi irinta? Ga shi kuma sana'ar ɗan ƙwallo gajeruwa ce ƙwarai. Ɗan kasuwa yana iya zama a rumfarsa har furfura, ɗan ƙwallo kuwa da wuya ya wuce shekara 35 yana taka leda, kuma karaya ɗaya ta isa ta rufe masa littafi a yini guda.

Mutanen Jihar Neja ma suna da nasu darasin a tarihin Zungeru. A wannan gari aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904, lokacin da nan ne hedikwatar mulkin Turawa ta Arewa, kafin a mayar da ita Kaduna. Yana yaro ya bar garin, ya yi karatu a Kudu da Amurka, ya zo ya kafa ƙungiyar wasanni ta Zik's Athletic Club a Ikko a 1938, wadda ta buɗe wa samarin ƙasa ƙofar ƙwallo. Yau ga filin wasa na Inugu, gidan kulob ɗin Rangers, yana ɗauke da sunansa, Zungeru kuwa har gobe tana alfahari da cewa a nan aka yanke masa cibiya. Garin da ya san wannan ya san cewa tafiyar ɗa ba ta rage darajar mahaifa. Kuma wannan Rangers ɗin ce Niger Tornadoes ta Minna ta doke da ci ɗaya da nema a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a shekarar 2000, abin da ke nuna cewa ƙasar Neja ba ta rasa gwanaye. Abin tambaya shi ne ribar da take samu in gwanayen sun tashi.

To, amma fa su ma masu cewa a bar shi ya tafi kurum, ba su gama magana ba. Ba kowace tafiya ce alheri ba. A bayan kowane Ahmed Musa akwai yara masu yawa da dillalan ƙarya suka yaudara, iyaye suka sayar da gona ko fili suka biya kuɗin jirgi, aka kai yaro wata ƙasa aka yasar da shi ba kulob, ba takardar zama, kunya kuma ta hana shi dawowa. Akwai kuma wanda ya yi gaggawar zuwa babban kulob tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba, ya ƙare a benci har tauraronsa ya dushe. Shi kansa Ahmed Musa, da ya koma Leicester City ta Ingila a 2016, bai samu yadda yake so ba, sai da aka mayar da shi aro CSKA a farkon 2018. In wanda ya riga ya ƙware ya gamu da haka, ina ga ɗanyen yaro? Saboda haka mai ƙaunar yaro ba ya tsaya ga yi masa fatan alheri kawai, sai ya tambayi inda za shi da hannun wanda zai bi.

A nan ne maganar kashi na uku take da nauyi. Dokokin FIFA sun tanadi haƙƙi iri biyu ga kulob ɗin da ya reni yaro. Na farko shi ne ladan horo, wanda ake biyan waɗanda suka koyar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 21, in ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre a wata ƙasa, ko aka sake sayar da shi waje kafin ya wuce shekara 23. Na biyu shi ne kason zumunci, watau duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da ya yi wa wasa daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara guda da ya yi a wani kulob daga 16 zuwa 23 tana jawo wa kulob ɗin rabin kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin cinikin.

Kada a raina wannan lissafi. Kuɗin da Leicester ta biya a kan Ahmed Musa ya haura fam miliyan 16. Kashi 5 cikin 100 na wannan ya haura fam 800,000, rabon shekara ɗaya tak kuwa ya haura fam 80,000. Irin wannan kuɗi ya isa ya gyara filin horo, ya sayi kayan wasa, ya riƙe ƙungiyar yara ta tsawon lokaci. Tun 2022 ma FIFA ta buɗe wani ofishi na musamman da irin waɗannan kuɗaɗe ke bi ta cikinsa zuwa ga masu su. Sai dai haƙƙin ba ya zuwa ga wanda bai rubuta ba. Kulob ɗin da bai yi wa yaro rajista da sunansa na gaskiya da shekarunsa na gaskiya ba, bai kuma ajiye takarda ba, ya yi noma ne wani ya girbe.

Wani abin lura kuma shi ne, manyan kulob-kulob na Arewa, har da Pillars da Tornadoes, mallakar gwamnatocin jihohi ne, da dukiyar jama'a ake tafiyar da su. Ke nan mai goyon baya ba ɗan kallo ba ne kawai, yana cikin masu dukiyar, yana kuma da ikon ya nemi bayani. Kamata ya yi ƙungiyoyin magoya baya, na gida da na Kudu, su nemi abubuwa huɗu daga shugabannin kowane kulob. A ba kowane yaro mai hazaƙa rubutaccen kwantiragi na shekaru, domin kada ya tafi a banza. A biya albashi a kan kari, domin yaron da ke bin bashin wata uku ba wa'azin kishin gida da zai tsayar da shi. In za a sayar da shi, a sa sharaɗin cewa kulob yana da kaso in aka sake sayar da shi gaba. A ƙarshen kowace kaka kuma a bayyana wa jama'a yawan 'yan wasan da aka sayar, da abin da ya shigo, da inda aka sa shi.

Baƙin cikin mai goyon baya abin girmamawa ne, domin ƙauna ce ta haife shi, kuma kulob ɗin da ba a jin zafin rashin gwaninsa ya riga ya mutu. Abin da ake so shi ne a kai wannan zafi inda zai yi amfani. Zagin yaro ba ya dawo da shi, ba ya kuma sa ko kwabo a asusun kulob, sai dai ya sa in ya samu ya ji tsoron waiwayo. Tambayar shugabanni kuwa tana iya sa kuɗin yaro ɗaya ya reni yara goma a Zungeru ko Kontagora ko Bida. Don haka in labari ya sake zuwa Agege ko Sabo cewa wani yaro ya tashi, a yi masa addu'a irin wadda aka yi wa kowane ɗan ci-rani ran da ya baro gida, sa'an nan a juya ga masu riƙe da takardu a ce su kawo lissafi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa masu abin su ji, su kuma gyara.