Kwaɗi a Filin Golf

A 2003 kamfanin Bandai na Japan ya fitar da wasan bidiyo mai suna Ribbit King a na'urorin PlayStation 2 da GameCube. Golf ne, sai dai babu ƙwallo. Kwaɗo ake ɗorawa a kan majaujawa, a maka mata guduma, ya tashi sama. In ya sauka ba ya tsayawa inda aka so: ya yi tsalle, ya lashe ƙuda, ya faɗa ruwa ya yi iyo, maki na ƙaruwa kafin ya shiga rami. Wauta ce? Ƙwarai kuwa, amma wauta mai basira, domin wanda bai iya ba ma yana iya kayar da gwani. A nan gida kuwa, ku leƙa shagunan gem daga Bebeji zuwa Kiru, ƙwallon ƙafa yaran suka fi bugawa, Madrid da Barcelona safe da yamma. Alhali kwaɗin da ke hana mutane barci da damina a bakin Dam ɗin Tiga da fadamun Tudun Wada sun isa a gina wasa guda a kansu, balle dajin Falgore na Doguwa. Wasanninmu na gargajiya ma haka: ga langa, ga dara, ga carafke. Matasanmu masu koyon kwamfuta, me kuke jira?