Kada Mu Bar Ƙaramar Karya Ta Ɗauki Ciki

Jama'ar Tsauni, kare yana tsaron gidajenmu da garakenmu da awakinmu. Amma ba mu kula da haihuwar karya.

Karya tana fara neman namiji tun tana wata 6 zuwa 12. A lokacin nan jikinta bai yi ƙwari ba. In ta ɗauki ciki, takan rame, haihuwa ta yi mata wuya. A ganinmu, a jira ta kai shekara 2.

Alamar neman namiji ba ta ɓuya: gabanta yakan kumbura, jini ya riƙa ɗiga. Mu rufe ta a ɗaki kamar mako 3. Ɗauri kaɗai bai isa ba, karnuka za su same ta.

Wani zai ce, ina ruwanmu? Kwikwiyon da muka yar shi ne karen da zai yi yawo gobe babu allura. In ya haukace, cizonsa kisa ne, kuma yara ya fi samu.

Kowane kwikwiyo ya kai wata 3, mu kai shi wurin likitan dabbobi a Matamaye a yi masa allura. Rigakafi ya fi magani.