Ba Kowane Shiru Ne Ladabi Ba

A Bauchi, idan yaro ya yi shiru, ya ƙaurace wa abinci da abokai, sai mu ce ya natsu. In ya fara sambatu, mu ce aljanu ne. In ya faɗa Sara-suka ko shan ƙwaya, mu ce a kai shi gidan mari. Ashe har mun manta da ɗaruruwan bayin Allah da aka kwance daga sarƙa a Rigasa ta Kaduna a 2019?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan soma ne kafin yaro ya wuce shekara 14. A lokacin nan kuwa yana hannun uwa da malamin allo da na boko. Su ya kamata a koya wa alamomin: rashin barci, son kaɗaici, yawan ambaton mutuwa. Su ajiye bulala su saurara, su kuma san hanyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Masu cewa addu'a ta wadatar, ai Manzon Allah (SAW) ya hore mu da neman magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma takarda ba ta renon yaro. Gwamnatin Bauchi, a horar da iyaye da malamai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.